ANA SO ANA KAIWA KASUWA: HUKUNCIN RABUWA DA KYANWAR GIDA SABODA MAJINYACI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutum da dabba, Ya lamunce wa kowane mai rai arzikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mas'alar wannan mako ƙarama ce a ido, har wani zai yi mamakin yadda aka ba ta fili a jarida, amma ta isa ta hana gida zaman lafiya. Ga surarta kamar yadda ta kan auku a Malumfashi da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kafur da Bakori da Ƙanƙara. Magidanci yana zaune da iyalinsa, suna da kyanwa wadda a gidan aka haife ta, yara sun laƙaba mata suna, da rana ta kwanta a inuwar rumbu, da dare ta yi sintiri. Sai Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa a ƙauye. Da mahaifiyarsa ta fita takaba ya je ya ɗauko ta, ya ba ta ɗaki a gidansa, kamar yadda kowane ɗa na gari zai yi. Ba a yi mako biyu ba tsohuwa ta fara atishawa, idanu suka yi ja suna zubar da ruwa, in dare ya raba sai ƙirji ya riƙe, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar ana busa sarewa, ba ta iya kwanciya sai dai ta jingina da bango har a kira Asuba. Aka kai ta asibiti, likita ya duba ya ce ciwon asma ne, ya tambaya ko akwai dabba a gida, sa'an nan ya ce a nisanta ta da kyanwa.

Daga nan ne magana ta kan rabu. Uwargida, ko ba ta furta ba, tana ganin tsirfa ce irin ta surukai, domin shekara nawa ana zaune da kyanwar nan ba wanda ya ko yi tari. Yara suna kuka. Wani maƙwabci ya ce abin ai mai sauƙi ne, a jefa ta cikin buhu a ɗaure, a ba yaron mota ya yar a hanyar Funtuwa. Wani kuma, wanda ya ɗan taɓa karatu, ya ce kyanwa tsarkakakkiya ce da nassin hadisi, cuta kuwa daga Allah ta ke, saboda haka maganar likita maganar banza ce. Maigida yana tsaka, bai san bakin wa zai bi ba.

Mai cewa kyanwa tsarkakakkiya ce bai yi ƙarya ba. Imamu Malik, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan Hijira, ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin Kabshatu 'yar Ka'abu ɗan Malik, matar ɗan Abu Ƙatada. Ta zuba wa surukinta ruwan alwala, sai ga kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha ta ƙoshi. Da ya ga tana kallonsa da mamaki, ya sanar da ita cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya kore najasa daga kyanwa, ya lissafa ta cikin masu kai da kawo a tsakanin mutanen gida. Sahabin da ya fi kowa yawan ruwayar hadisi ma, da 'yar kyanwar da ya kan ɗauka aka yi masa alkunya, aka ce Abu Huraira, har mutane da yawa ba su san sunansa na yanka ba. A ƙasar noma kuwa, inda dawa da masara da gero su kan shekara a rumbu, buhunan wake da waken suya su cika ɗaki, kyanwa ma'aikaciya ce wadda ba a biya. Wanda ya taɓa buɗe rumbu a bazara ya tarar da aikin ɓera da gafiya, shi ya san darajarta. Saboda haka baƙin cikin mutanen gida ba wauta ba ne, kuma bai kamata malami ya yi musu dariya ba.

Amma tsarki daban, rashin cutarwa daban, kuma a nan ne mai ɗan karatun ya zame. Ba abin da ya fi ruwa tsarki, shi ne ma ke tsarkake waninsa, duk da haka shari'a ta ce majinyacin da ya ji tsoron ruwa zai ƙara masa ciwo, ko ya jinkirta masa warkewa, ya bar shi ya yi taimama. Malaman mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa a kan gane wannan tsoro ta hanyar jarrabawar da mutum ya yi a jikinsa, ko ta hanyar faɗar likita masani. Haka su ka ce game da ajiye azumi. To, in shari'a ta karɓi maganar likita a kan alwala da azumin Ramalana, waɗanda su ke farillai, ta yaya za a ƙi karɓarta a kan ajiye kyanwa, wanda iyakarsa halal ne?

Shi wannan ciwo, na jiki ya ƙi jituwa da abin da bai dami kowa ba, ba Turawa su ka ƙago shi ba. Hausawa sun san wani reshe nasa, wanda su ke kira borin jini, Larabawan yau kuwa suna ce masa hassasiyya. Fiye da shekara dubu da ta wuce, likitan Musulmi Abubakar Arrazi, mutumin birnin Rayyi a ƙasar Farisa, wanda ya rasu wajen shekarar 925 Miladiyya, ya rubuta maƙala a kan dalilin da ya sa mura ta kan kama malamin nan Abu Zaid Albalkhi duk lokacin da furannin wardi su ka buɗe ya shaƙi ƙanshinsu. Wardi dai ba najasa ba ne, dubban mutane suna shaƙarsa suna jin daɗi, amma ga Albalkhi ciwo ne. Arrazi bai ce masa yana tsirfa ba, zama ya yi ya binciki dalili.

Abin da likitocin zamani su ka gano game da kyanwa shi ne, akwai wani sinadari a cikin miyaunta da maiƙon fatarta. In tana lasar jikinta, kamar yadda ta saba, sai ya bushe a gashinta, ya tashi cikin iska a matsayin ƙura mai laushi wadda ido ba ya gani, ya maƙale a katifa da labule da tabarma da tufafi. Yawancin mutane suna shaƙarsa ba abin da ya same su. Amma wanda Allah Ya halitta da irin wancan jiki, garkuwar jikinsa ta kan ɗauki ƙurar nan a matsayin maƙiyi, hanyoyin iska na huhu su kumbura su tsuke, majina ta taru, numfashi ya gagara. Wannan shi ne amsar uwargida: rashin tarin 'ya'yanta ba hujja ba ne a kan surukarta. Kuma kada a haɗa wannan da abin da a kan ji a bakin mutane, cewa wanda ya haɗiye gashin kyanwa a abinci zai kamu da tarin fuka. Tarin fuka wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitan Jamus Robert Koch ya gano a 1882, yawanci daga mutum ta ke zuwa ga mutum ta hanyar tari, kuma maganinsa daban ne. Asma ba a ɗaukarta daga wani, saboda haka ba dalilin ƙyamar mai ita ko ware masa kwano. Sai dai tana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da ita, ta kuma yi sanadin mutuwar dubu 455, galibinsu a ƙasashen da magani ke wuyar samu.

Duk da haka, adalci ya hau kan maigida ko a kan dabba. Alƙur'ani Mai Girma, a Suratul Hujurati, ya yi horo da nisantar yawan zato, kuma ba kowane tari ne laifin kyanwa ba. Yankin nan na Malumfashi da Funtuwa ƙasar auduga ce tun zamanin Turawa, lokacin cirarta da gurzarta kuma ya kan haɗu da hazon hunturu da ƙaiƙayin sussuka da shiƙa. Ga hayaƙin itace a madafa, ga turaren wuta, ga maganin sauro na kunnawa a ɗakin da ba taga, ga kyankyasai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya tayar da asma. Hanyar ganewa ita ce a lura: shin ciwon ya kan tashi ne in kyanwa ta shiga ɗakin, ko ta kwanta a shimfiɗar? In tsohuwa ta je ta yi kwanaki a gidan 'yarta inda ba kyanwa, ta kan sami sauƙi, in ta dawo abin ya dawo? A kai wa likita wannan bayani, shi zai auna. Mutanen Malumfashi ba baƙin asibiti ba ne, domin a shekarun 1970 asibitin garin ya kasance cikin asibitocin da Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da likitoci a cikinsu, har an gudanar da babban binciken cututtuka a ƙauyukan yankin. Abin da ba ya halatta shi ne a mai da binciken nan dabarar ja da lokaci, ana cewa bari a ƙara gani, alhali tsohuwa tana kwana a zaune.

Idan abu ya tabbata, hukunci a fili ya ke. Daga cikin manyan ƙa'idojin da aka gina fiƙihu a kansu akwai cewa cuta gusar da ita a ke yi, kuma tushen wannan ƙa'ida hadisi ne wanda ya hana cutarwa da rama cuta da cuta. Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, kuma kowane ɗalibin Islamiyya ya haddace shi, domin shi ne na talatin da biyu a Arba'una Hadisan ta Imamu Nawawi. Abu Dawuda ya ruwaito wata ƙissa da ta nuna yadda a ke aiki da shi. Samuratu ɗan Jundubu yana da 'yan itatuwan dabino a cikin garkar wani Ba'ansare wanda ke zaune a ciki da iyalinsa, shigar Samuratu kuwa tana takura musu. Mai garka ya kai ƙara. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya nemi Samuratu ya sayar, ya ƙi. Ya nemi ya yi musaya da wasu itatuwan a wani wuri, ya ƙi. Ya kwaɗaitar da shi ya bayar kyauta don neman lada, ya ƙi. Sai ya siffanta shi da mai cutarwa, ya umurci mai garka ya tumɓuke su. Ko da ya ke malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, malaman fiƙihu sun kafa hujja da ma'anarsa. Abin lura shi ne, dabinon halal ne, mallakarsa ne, amma da ya zama sanadin cuta sai hakkin mallaka ya ba da hanya. Kuma ba a fara da gatari ba, sai da aka bi matakai masu sauƙi.

Haka maigida zai yi. In gidan babba ne mai sassa, kuma ciwon bai tsananta ba, sai a fara da hana kyanwa kusantar sashen majinyaci, a mai da abincinta can wajen rumbu ko turken dabbobi, yaran da su ka ɗauke ta su wanke hannu su canja riga kafin su shiga gaida kakarsu. Wani lokaci wannan ya kan wadatar. Sai dai kowa ya san kyanwa ba ta san katanga ba, ba ta san sallama ba. In an gwada abin bai yi ba, ko likita ya ce akwai haɗari, to fitar da ita daga gidan ya zama wajibi, jinkiri kuma ya zama laifi.

Mai cewa cuta daga Allah ta ke, gaskiya ya faɗa, amma ya ajiye ta ba a mazauninta ba. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya kama hanyar Sham, da ya isa wani wuri da a ke kira Sargu aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ya ke yi, ya amsa masa da cewa inda za a gudu ɗin ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar ƙeƙasasshe. Ba wanda ya fi Umar tawakkali a cikin masu wannan magana a yau.

Mafi muni daga cikin abin da a kan gani shi ne a warware matsalar ta bayan gida, watau a bar kyanwa a mai da tsohuwa ƙauye, ana cewa ai iskar can ta fi karɓarta. In da gaske can ta fi so, kuma akwai mai kula da ita, ba laifi. Amma in an yi ne don gudun ɓacin ran uwargida da kukan yara, to maigida ya sake karanta aya ta 23 da ta 24 a Suratul Isra'i, inda Allah Ya gwama bautarsa da kyautata wa iyaye, Ya ambaci lokacin tsufansu a wurin ɗansu musamman, Ya hana ko da kalmar ƙosawa. Wanda aka hana shi yi wa uwarsa tsaki, ina ga ya bar ta tana kokawa da numfashi saboda dabba? Hukuncin bai tsaya ga uwa ba. In matar aure ce tattabarun mijinta ke cutar da ita, ko maraya ne da a ke riƙo, ko almajirin da ke kwana a zaure, duk ɗaya ne, domin kowane magidanci makiyayi ne, za a kuma tambaye shi abin kiwonsa.

An ambaci tattabaru, ya kamata a ɗan tsaya a kansu, domin samari da yawa suna kiwonsu a tukwane da akurki a tsakar gida. Ƙurar busasshen kashinsu da ta fuka-fukansu tana jawo wa wasu mutane wani ciwon huhu, wanda likitoci a Amurka su ka siffanta a 1965, kuma in aka ci gaba da shaƙarta ya kan bar tabo a huhu wanda ba ya gogewa. Sau da yawa mai sharar akurkin ne ke kamuwa, ba mai tattabarun ba. Amma su al'amarinsu da sauƙi: a sayar, ko a bayar, ko a yanka a yi wa majinyacin romo.

Kyanwa ce mai wuya, domin ba mai yanka ta, masu saye kuma ba su da yawa. A nan ne shawarar maƙwabci mai buhu ta ke shigowa, kuma a nan ne mutane da yawa su kan fita daga wani zunubi su faɗa wani. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya ɗaure bakin buhu ya jefa a rami ko a rafi, me ya raba shi da wannan mata? Haka mai sa mata guba a abinci, wanda ban da zunubin kisa, sau da yawa kajin maƙwabta ne ke cinye saura. Ita kyanwar nan ba ta yi laifin kome ba, kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi, miyaun da Allah Ya halitta mata ne kawai bai jitu da jikin wani bawan Allah ba.

Malaman Malikiyya sun yi zurfi a wannan babi fiye da yadda a ke zato. Shaihu Halil, a cikin Muhtasar, ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa in ba makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita a kansa. Masu sharhin littafin su ka shigar da kyanwar da ta makance a gidan mutum har ba ta iya fita neman abinci, su ka ce ciyar da ita ya hau kansa, amma in tana iya tafiya ta nemi na kanta, yana da damar ya kore ta. Daga wannan a ke fahimtar cewa ma'aunin shi ne ko dabbar za ta iya rayuwa in an rabu da ita. Ƙaƙƙarfan muzurun da ya saba yawon unguwa daban ya ke da tsohuwar kyanwar da ba ta san kome ba sai kwanon gida, ko wadda ke shayar da 'ya'ya. Ita mai shayarwa, a mai da ita tare da 'ya'yanta, ko a jira su yi kamar wata biyu su fara cin abinci, in halin majinyaci ya ba da dama. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'yan tsakin wata tsuntsuwa a hanyar tafiya, da Annabi ya ga uwar tana shawagi cikin firgita, ya umurce su su mayar mata da su. Musulmin da su ka gabata sun riƙi wannan da gaske, har an ruwaito cewa Sarki Zahir Baibaras, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wata garka don ciyar da kyanwoyin Alƙahira marasa gida.

Saboda haka abin da ya dace shi ne a nema mata gida. A wannan yanki kuwa ba abin wahala ba ne, domin mai rumbu, da mai shagon hatsi, da mai injin niƙa, da mai gidan gona, duk suna neman mai kama musu ɓera. A zaɓi wanda aka san ba zai bar ta da yunwa ba, kuma a tambaya ko akwai mai irin wannan ciwo a gidansa, don kada a kwashe cuta daga wani gida a zuba a wani. Game da karɓar kuɗi, Muslim ya ruwaito daga Jabir hani a kan kuɗin kyanwa, jamhurun malamai sun ɗauki hanin a kan abin da barinsa ya fi, wasu kuma sun haramta, saboda haka kyauta ita ce mafita daga saɓani. Sabon mai ita ya tsare ta a ɗaki na 'yan kwanaki da abinci da ruwa har ta saba, in ba haka ba za a wayi gari a gan ta a kan katangar tsohon gidanta.

Bayan ta tafi, sauran aiki. A wanke shimfiɗu da labule, a shanya katifa a rana, a share ɗakuna da yayyafin ruwa lokacin da majinyaci ba ya ciki. Kuma kada a yi gaggawar yanke hukunci. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1989 ya nuna cewa a gidaje da dama sai bayan wata biyar zuwa shida da fitar kyanwa ƙurar nan ta ke sauka ta yi daidai da gidan da ba kyanwa. In an yi mako guda tsohuwa tana tari har yanzu, wannan bai nuna ta yi ƙarya ba, kuma ba dalili ba ne na barin maganin shaƙa da likita ya rubuta mata.

Saura yara. Kada a yi musu ƙarya a ce kyanwa ta ɓata, domin Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya ji wata mata tana kiran ɗanta da alkawarin za ta ba shi abu, ya sanar da ita cewa da ba ta da niyyar bayarwa, da an rubuta mata ƙarya. Kada kuma uwa ta ce musu kakarsu ce ta kore ta, wannan shuka ƙiyayya ne a zuciyar da ba ta san kome ba. Uba ya zaunar da su ya ce: "Kun ga yadda Kaka ta ke kwana a zaune? Likita ya ce ƙurar jikin kyanwa ce. Za ta koma gidan Baffanku, ran Juma'a sai ku je ku gan ta." In sun yi kuka a bar su su yi. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami, Abu Umairu, mai wani ɗan tsuntsu da ya ke wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Manzon Allah ya shigo gidan ya tarar da yaron cikin baƙin ciki, ya tambayi dalili aka gaya masa. Bai tsawata masa ba, bai ce abin banza ne ba. Ya kira shi da alkunyarsa kamar babban mutum, ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsunsa.

Allah ne Mafi sani.